Biyar da shida: abin da gwajin Trovan na Kano ke koya wa mai karanta rahoton bincike

Idan aka taƙaita sakamakon gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 cikin layi ɗaya, irin layin da ake ja wa jan biro kafin fayil ya hau teburin minista, ga yadda zai fito: yara kimanin 200 masu fama da sanƙarau, an raba su gida biyu. A rukunin da aka ba sabon magani mai suna Trovan, biyar sun rasu. A rukunin da aka ba sanannen maganin nan ceftriaxone, shida sun rasu.

Hadimin da ya ga wannan layi zai rubuta wa maigidansa cewa sabon maganin ya yi kunnen doki da tsohon, har ma ya ɗan ɗara shi, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Amma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta taɓa amincewa a ba yara Trovan ba. Kwamitin ƙwararru da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya kira gwajin haramtacce. Shari'a kuwa ta ci shekaru ana yi a kotunan Kano da Abuja da New York. Abin da ya raba wancan layi mai daɗin ji da wannan hukunci yana kwance a shafukan tsakiya na rahoto, inda ake bayanin yadda aka gudanar da aikin, wato shafukan da mai gaggawa yakan tsallake ya faɗa kan kammalawa.

An sha ba da labarin Trovan ta fuskar zalunci da haƙƙin iyaye, kuma ya cancanci hakan. Ba a cika ba da shi ta fuskar tsarin bincike ba, alhali nan ne ya fi amfani ga ma'aikacin da ake ajiye wa rahoton ƙwararru a gaba a ce ya fitar da shawara kafin a tashi aiki.

Bazarar 1996

Daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazarar 1996, sanƙarau ya yi wa arewacin Nijeriya dirar mikiya. Ƙididdigar da Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka wallafa daga baya ta nuna mutum 109,580 suka kamu, 11,717 suka rasu, kusan kashi 11 cikin ɗari ke nan. Kano na cikin inda abin ya fi muni, ga kuma ƙyanda da amai da gudawa sun zo a lokaci guda. Asibitin Zana, wanda aka keɓe wa cututtuka masu yaɗuwa, ya cika ya batse. Ƙungiyar likitocin nan ta na-gari-na-kowa, MSF, tana can tana yi wa marasa lafiya allurar chloramphenicol mai maiƙo, maganin da aka saba dogaro da shi a lokacin annoba saboda arharsa da kuma cewa allura ɗaya ko biyu kan wadatar.

A daidai wannan lokaci Pfizer na neman amincewar FDA ga Trovan, kuma tana son a amince da shi a kan cututtuka da dama. Masu sanƙarau ba su da yawa a Amurka, a Kano kuwa suna kwance har a ƙasa. Adalci ne a faɗi cewa tambayar da aka zo da ita tana da ma'ana: da za a sami maganin sanƙarau da yaro zai haɗiya, da an rage wahalar allura da ƙarancin ma'aikatan jinya a ƙauyukan da annobar ke fi yi wa ɓarna. Ayarin kamfanin ya fara aiki a farkon Afrilu, kuma cikin kimanin mako biyu ya tattara ya tafi. Tambaya mai kyau ce aka yi wa ginin gaggawa.

Yaro ɗaya

Abu na farko da ya kamata ya tsayar da mai karatu shi ne cewa duk bambancin da ke tsakanin rukunin biyu yaro ɗaya ne. Da a ce an ɗauki yara 200 daga ɗaki ɗaya, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba su magani iri ɗaya, da ba abin mamaki ba ne a rasa huɗu a nan, bakwai a can, ba don komai ba sai don yadda rabon ya faɗa. Wanda ya debi mudu biyu daga buhun gero ɗaya ba zai sami tsakuwa daidai wa daida a cikinsu ba, kuma ba zai ce mudu ɗaya ya fi ɗan'uwansa albarka ba.

Masana ƙididdiga suna da hanyar auna wannan girgiza. Idan biyar suka mutu cikin ɗari, ainihin haɗarin maganin na iya kasancewa ko'ina daga kimanin kashi 2 zuwa kashi 11. Idan shida ne, daga kimanin kashi 2 zuwa kashi 13. Faɗin nan biyu sun hau kan juna kusan gaba ɗaya. Ma'anar haka ita ce sakamakon Kano ya dace da duniyar da Trovan ya ninka ceftriaxone kyau, ya kuma dace da duniyar da ya ninka shi muni. Gwajin da ba zai iya raba waɗannan biyun ba bai amsa tambayar da aka kafa shi dominta ba. Kafin a iya gano bambanci tsakanin maganin da ke rasa kashi 5 da wanda ke rasa kashi 10 da tabbacin da aka saba nema, lissafi ya nuna ana buƙatar yara fiye da 400 a kowane rukuni.

Akwai wani ɗan lissafi kuma da biro da bayan ambulan suka isa a yi shi. A bayananta na kare kai, Pfizer ta sha cewa kashi 94.4 cikin ɗari na yaran Trovan sun rayu, na ceftriaxone kuwa kashi 93.8. To amma idan biyar suka mutu cikin ɗari cif, kashi 95 ya kamata a gani. Kashi 94.4 yana fitowa ne idan an raba biyar ɗin da yara kusan 90, kashi 93.8 kuma idan an raba shida da yara 96 ko 97. Ke nan ba duk yaran da suka shiga gwajin ba ne suka shiga lissafin. Irin wannan giɓi yana iya zama da dalili mai kyau, domin akan ware waɗanda gwajin ɗakin bincike ya nuna wata cuta ce daban ke damunsu. Sai dai dalilin dole ya bayyana a rubuce, tare da adadin waɗanda aka ware daga kowane ɓangare da abin da ya same su. Mai karanta rahoto da ya saba tambayar "kashi nawa cikin mutum nawa" ya riga ya wuce rabin waɗanda za su zauna taron da shi.

Dokin da aka yi wa dabaibayi

Gwajin magani sukuwa ce tsakanin doki biyu, kuma darajar nasara tana ga lafiyar abokin karawa. A nan ne gwajin Kano ya fi shan suka. Ƙa'idar da aka sani ta ba yaro mai sanƙarau ceftriaxone ita ce miligiram 100 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. A Asibitin Zana, bayan allurar farko, an sauke adadin zuwa miligiram 33, wato sulusi. Pfizer ba ta musa ba. Ta ce an yi haka ne don rage zafin allurar da ake yi a tsoka, kuma abin da aka bayar ya isa ya kashe ƙwayar cutar. Lauyoyin iyaye suka ce an rage ne don sabon maganin ya yi fice.

Mai karanta rahoto ba ya buƙatar shiga zuciyar kowa kafin ya gane illar. Ko da niyyar ta kasance tsarkakakkiya, an sauya ma'aunin da ake gwada sabon abu da shi. Sakamakon yanzu yana cewa ne Trovan ya yi daidai da sulusin ceftriaxone, alhali abin da likita ke son sani shi ne ko ya yi daidai da ceftriaxone yadda ake ba da shi. Idan aka yi wa dokin makwabci dabaibayi, ko da don tausayin ƙafarsa ne, babu wanda zai sayi dokin da ya iso tare da shi a kan cewa gwani ne.

Wannan dabara ba ta tsaya ga magani ba, kuma sau da yawa ba dabara ba ce ma, sakaci ne. Sabon irin shinkafa da aka shuka a gonar gwaji mai ruwa da taki, aka kwatanta shi da abin da manomi ya girbe a tudu ba taki. Makarantun da aka ba sabon tsari tare da ƙarin malamai, aka kwatanta su da waɗanda ba a ba komai ba: duk dabaibayi ɗaya ne. Tambayar ita ce me aka yi wa ɗaya ɓangaren, kuma shin shi ne mafi kyawun abin da ake da shi a lokacin.

Pfizer ta kuma kawo wani kwatancin: ta ce yaran da ke cikin gwajinta, na rukunin biyu duka, sun fi waɗanda ke wajensa rayuwa, domin a waje waɗanda suka tsira ba su kai kashi 90 ba. Magana ce mai shiga kunne, kuma ta yiwu gaskiya ce cewa shiga gwajin ya taimaki wasu yara. Amma ba ta ce komai a kan Trovan ba. Yaran gwaji zaɓaɓɓu ne, suna kwance a ɗakunan da aka ware, da likitoci da kayan aiki a kansu. Lissafin waje kuwa ya haɗa da wanda aka kawo yana gargara, da wanda ya kwana a hanya daga ƙauye, da manya da jarirai. Idan rukuni biyu suka bambanta ta hanyoyi goma, ba a ɗora bambancin sakamakonsu a kan hanya ɗaya da aka ga dama. Amfanin raba marasa lafiya ta ƙuri'a ke nan tun farko, kuma da zarar an fita daga cikin waɗanda aka yi wa ƙuri'ar, an bar wannan kariya a baya.

Abin da ba a auna ba

Mutuwa ita ce ma'auni mafi sauƙin ƙirgawa, amma sanƙarau ba a kisa kaɗai yake ɓarna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga irin wanda ƙwayar bakteriya ke haddasawa kan tashi da lahani mai ɗorewa: kurumta, shanyewar gaɓa, farfaɗiya, raunin ƙwaƙwalwa. Gwajin da ya tsaya ga ƙirga gawa ya bar mafi yawan labarin a waje.

A gwaje-gwajen sanƙarau da aka tsara da kyau, akan sake ɗibar ruwan laka daga bayan yaro kwana ɗaya ko biyu bayan fara magani, a ga ko ƙwayar cutar ta mutu. Wannan ne ke gaya wa likita da wuri cewa maganin ba ya aiki, ya canja kafin lokaci ya ƙure. Binciken da jaridar Washington Post ta wallafa a Disamban 2000, wanda Joe Stephens ya rubuta, ya nuna cewa a Kano an mayar da wannan mataki ganin dama. Takardun da aka gabatar wa kotu a Amurka sun ƙara da cewa gwajin jinin da tsarin aikin ya tanada bayan kwana biyar ma an yi watsi da shi a mafi yawan lokuta saboda ƙarancin ma'aikata.

Jaridar ta bi labarin wata yarinya 'yar shekara goma, wadda a takardun gwajin ba ta da suna sai lamba, 6587-0069. An ba ta Trovan. Jikinta ya ci gaba da tsananta. Ba a canja mata magani ba, kuma bayan kwana uku ta rasu. Takardarta ta nuna an ci gaba da ba ta adadin da aka fara da shi har ƙarshe. Babu mai iya rantsuwa cewa da an canja da ta rayu, domin sanƙarau na kashe yara ko an ba su magani mafi kyau. Abin da takardar ke nunawa shi ne gwajin ba shi da ƙofar fita da ke aiki. Duk binciken da ya taɓa rayuka, mai duba shi yana da haƙƙin ya nemi wannan shafi: wace alama ce za ta sa a dakata, wa ke da ikon dakatarwa, kuma shin an taɓa amfani da ikon.

Ƙari a kan haka, likitocin sun san wane yaro ke shan wane magani, tunda hanyoyin ba da su sun bambanta. Ga ƙirga mutuwa wannan ba babbar matsala ba ce. Ga hukunta ko yaro "ya samu sauƙi" ko ciwon gwiwarsa ya kai a rubuta, matsala ce, musamman da yake an san dangin magungunan da Trovan ya fito daga cikinsu suna taɓa guringuntsin ƙananan dabbobi a ɗakin gwaji. Idon wanda ke fatan nasara yakan ga abin da yake fata, ba tare da ya yi nufin ha'inci ba.

A nan ne illar mummunan tsari ta fi bayyana, kuma ta shafi kowa. Iyaye sun ce maganin ne ya kurmantar da 'ya'yansu ya shanye musu ƙafa. Pfizer ta ce cutar ce. Gwajin da aka yi da isassun yara, da cikakken magani a ɗaya ɓangaren, da awon ji da motsi bayan watanni, da ya raba wannan gardama da alƙaluma. Wanda aka yi bai iya wanke kamfanin ba, bai kuma iya tabbatar wa iyaye ƙorafinsu ba.

Takarda mai kwanan wata

Sashen da ma'aikacin gwamnati zai fi ganewa ba ya buƙatar ilimin likitanci. Ƙa'idar duniya tun daga Sanarwar Helsinki ita ce kada a yi gwaji a kan mutane sai da yardarsu bayan an fahimtar da su, kuma sai wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin. Babu takardar yarda da iyaye suka sa wa hannu a Kano. Pfizer ta ce ma'aikatan jinya sun yi bayani da Hausa, iyaye sun amince da baki. Iyaye da dama sun ce ba su san gwaji ake yi ba, ba a kuma gaya musu cewa ga MSF can a harabar asibitin tana ba da maganin da aka saba da shi kyauta ba.

Da masu binciken FDA suka duba fayilolin kamfanin a 1997, an nuna musu wasiƙar amincewa daga kwamitin ɗa'ar bincike na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mai ɗauke da kwanan wata 28 ga Maris, 1996, kwana shida kafin fara gwajin. Daga baya shugaban asibitin ya bayyana cewa a wannan rana babu irin wannan kwamiti a asibitin, likitan da aka sa a matsayin jagoran binciken kuma ya amsa cewa an rubuta wasiƙar ne daga baya aka mayar da kwanan wata. Tambaya ɗaya ta magatakarda, wato yaushe aka kafa kwamitin kuma ina bayanin zaman da ya yi, da ta tona wannan tun ranar farko.

Akwai waɗanda suka yi magana da wuri. Farfesa Idris Mohammed, wanda ke jagorantar ayarin Gwamnatin Tarayya na yaƙi da annobar, ya nuna rashin gamsuwarsa tun a lokacin. A cikin kamfanin ma, wani likitan yara mai suna Juan Walterspiel ya rubuta wa shugabanninsa yana sukar yadda aka yi aikin. An sallame shi daga baya, kamfanin ya ce dalilin daban ne. Pfizer ta janye buƙatarta ta amfani da Trovan a kan sanƙarau na annoba. FDA ta amince da shi ga manya a ƙarshen 1997, amma a Yunin 1999 ta taƙaita amfani da shi ƙwarai bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, Tarayyar Turai kuwa ta dakatar da shi.

Yadda aka yi a Nijar

Akan kare gwajin Kano da cewa annoba ba ta ba da lokacin bin kowace ƙa'ida. Shekara bakwai bayan haka, a 2003, aka yi wani gwaji a Jamhuriyar Nijar, shi ma cikin annobar sanƙarau, shi ma a asibitocin da ba su da wadata. Masu bincike na MSF da abokan aikinsu sun ɗauki marasa lafiya 510, suka raba su ta ƙuri'a tsakanin allurar ceftriaxone ɗaya mai miligiram 100 ga kowane kilo da allurar chloramphenicol mai maiƙo. Sun ƙayyade tun kafin su fara abin da za a kira gazawar magani bayan sa'o'i 72, da iyakar bambancin da za su yarda da shi. Sun faɗi adadin waɗanda suka ɓace musu. Sakamakon da mujallar Lancet ta wallafa a 2005 ya nuna gazawa kashi 9 cikin ɗari a kowane ɓangare, kuma an yi amfani da shi wajen sauya shawarar magani a lokutan annoba.

Wannan bincike yana yanka ta fuska biyu, kuma mai adalci dole ya ɗauki duka. Ya nuna ana iya yin aiki mai tsari cikin ƙura da zafi da cunkoso. Ya kuma nuna cewa ceftriaxone kaɗan na iya wadatarwa a kan wannan ƙwayar cuta, abin da ya raunana zargin cewa rage adadin ne ya kashe yara shida na Kano, kuma Pfizer ta kafa hujja da irin wannan sakamako. Sai dai a 1996 babu wanda ya riga ya gwada haka. Wanda ya yi caca da ran wani bai zama mai hangen nesa ba don kawai ƙuri'a ta faɗo masa daidai bayan shekara tara. Gano aibi a tsarin bincike kuma ba ya nufin an tabbatar da kishiyar sakamakonsa. Hadimin da ya rubuta "wannan bincike bai isa hujja ba" ya faɗi abin da ya sani. Wanda ya rubuta "wannan bincike ya nuna maganin guba ne" ya faɗa ramin da yake nuna wa wasu.

Rahoton da ya kwana a aljihun tebur

Bayan labarin Washington Post, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi a farkon 2001. Kwamitin ya saurari shaidu, ya kammala cewa gwaji ne na maganin da ba a yi wa rajista ba kuma ba bisa doka ba, matsayin da Pfizer ta ƙi amincewa da shi, tana cewa gwamnati ta san da aikin kuma ta ba da izini. Rahoton bai ga hasken rana ba sai a Mayun 2006, lokacin da wani ya miƙa wa jaridar kwafinsa. Shekara biyar yana cikin ma'aikata. Ƙwararrun gida sun yi aikinsu. Abin da ya gaza shi ne hanyar da ke tsakanin rahoto da mataki, kuma a kan wannan hanya hadimai da daraktoci ke zaune.

Yau akwai Kwamitin Ƙasa na Ɗa'ar Binciken Lafiya, da kundin ƙa'idojinsa na 2007, da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da ta ba shi ƙarfin doka. Amma yawancin rahotannin da ke yawo a sakatariyar tarayya ba na magani ba ne, kuma babu kwamitin da ke tace su sai wanda aka ba fayil. A Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da rashin aikin yi kashi 4.1 cikin ɗari a rubu'in farko na shekarar, bayan alƙaluman ƙarshen 2020 sun ce kashi 33.3. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba. An sauya ma'anar mai aiki ne zuwa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na aƙalla sa'a ɗaya a mako, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, alhali a da wanda bai kai sa'o'i 20 ba marar aiki ake lissafa shi. Hukumar ta faɗi haka a fili. Duk wanda ya jera lambobin biyu a jawabi ɗaya a matsayin ci gaba ya auna hatsi da mudu biyu mabambanta.

Haka abin yake a duk shekara idan NECO ta fitar da sakamako daga hedikwatarta da ke Minna. Hukumar kan ba da adadin waɗanda suka yi rajista da na waɗanda suka zauna, ta kuma ba da kashi biyu daban: waɗanda suka ci darussa biyar har da Turanci da Lissafi, da waɗanda suka ci biyar ko babu su. Kafin labarin ya zagaya ofisoshi, lamba ɗaya ce kan rage, galibi wadda ta fi daɗi, kuma da ita ake kwatanta bana da bara ko jiha da jiha, ba tare da an tambayi ɗalibai nawa kowace jiha ta tura ba.

Kuɗin da aka biya

A 2003, lokacin da aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa, sunan Pfizer na cikin hujjojin da ake ambata a masallatai da majalisun unguwa. Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta sake ɓulla a ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Dalilan ƙauracewar sun fi ɗaya, amma gwajin mako biyu ya ba masu shakka labari na gaskiya da za su jingina da shi.

Gwamnatin Kano da ta Tarayya sun shigar da ƙara a 2007. A Yulin 2009 Pfizer ta sasanta da Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba: miliyan 35 ga asusun waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai aka zo kan tambayar da kyakkyawan rajista ya kamata ya amsa cikin yini ɗaya, wato su wane ne yaran. Fiye da mutum 500 suka fito suna cewa suna cikin 200 ɗin. Aka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta, ana gwama yawun masu da'awa da samfurin da aka ɗiba a 1996, wasu iyalai kuma suka ƙi yarda a sake ɗibar wani abu daga jikinsu da sunan wannan kamfani. A Agustan 2011, shekara goma sha biyar bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.